IZININ AIKI A JAMI'O'IN AMURKA: ABIN DA YA KAMATA IYAYE SU SANI

(Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kwamitin ilmi, ɗan kasuwa a nan Sabo, Ibadan, ya gabatar a taron iyaye na ƙungiya)





Kwamitin ilmi ya ɗora mana nauyin yin bayani a kan wata magana da ta daɗe tana yawo a majalisunmu, wato ƙuntatawar da ƙasar Amurka ke yi wajen bai wa baƙi izinin aiki a jami'o'inta. Wani zai ce ina ruwan mai sayar da goro ko mai canji da jami'ar Amurka? To, da ruwanmu. A da, yaron Sabo da ya gama sakandare abin nunawa ne. Yau kuwa, alhamdu lillahi, muna da masu digiri na biyu, muna da masu digirin digirgir, wasu suna can waje, wasu kuma suna shirin tafiya. Kuɗin wannan tafiya daga aljihunmu yake fita. Akwai wanda ya sayar da fili, akwai wanda ya taɓa jarinsa, akwai uwar da ta sayar da sarƙarta, duk a bisa zaton cewa da zarar yaro ya gama karatu jami'a za ta ɗauke shi aiki, a fara ganin dala. Saboda haka wajibi ne mu san yadda abin yake tun kafin mu kwance bakin jaka.

Bari mu fara da misalin da kowa a nan ya sani. Baƙon da ya sauko da shanu daga Arewa, ko ya zo sarin goro, ba ya faɗawa kasuwa haka kawai. Sai ya sami maigida. Maigida ne zai sauke shi, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan aka ɗauki kaya bashi. Darajar baƙo a kasuwa tana rataye ne a wuyan maigidansa. To, takardar izinin aikin da ake kira H-1B haka take. Yaro ba ya nema wa kansa ita. Jami'ar da za ta ɗauke shi ita ce maigidansa. Ita za ta rubuta wa ma'aikatar ƙwadago ta ƙasar cewa za ta biya shi albashi daidai da na 'yan ƙasa masu irin wannan aiki, sannan ta shigar da takardar nema a hukumar shige da fice. Idan aka amince, izinin na wannan aikin ne a ƙarƙashin wannan jami'ar.

Ita wannan takarda ta samo asali ne daga dokar shige da fice ta shekarar 1990, zamanin Shugaba Bush uban. Dokar ta ƙayyade sababbin gurabe 65,000 a kowace shekara. A 2004 aka ƙara 20,000 domin waɗanda suka yi digiri na biyu ko sama da haka a cikin Amurka. Da yake masu nema sun ninka guraben, sai ana yin ƙuri'a, wanda Allah Ya ba shi ya samu. Kusan kashi 70 cikin 100 na masu samu mutanen Indiya ne, sai na Sin ke biye da su. Namu kaɗan ne a ciki.

Amma jami'o'i suna da wani gata. Wata doka ta shekarar 2000 ta fitar da su daga wannan ƙayyadewa, su da cibiyoyin bincike na gwamnati da waɗanda ba na neman riba ba. Wato jami'a ba ta shiga ƙuri'a, ba ta jiran wani wata na musamman, duk lokacin da ta ga malamin da take so sai ta nema masa. Wannan ne ya sa ƙofar jami'a ta fi ta kamfani sauƙin shiga ga yaranmu masu zurfin karatu. Sai dai ko a lokacin da abubuwa ke tafiya lami lafiya, takardar tana da iyakoki guda huɗu, kuma muna roƙon iyaye su riƙe su da kyau.

Na farko, wa'adi. Ana bayar da ita shekara 3, a sabunta wasu 3, shida ke nan. Ba a wuce shida sai idan jami'a ta riga ta fara nema wa mutum takardar zama na dindindin, wadda ake ce wa girin-kad. Idan ba ta fara ba, to, sai haɗa kaya.

Na biyu, idan aiki ya ƙare, ko an sallami mutum, ko kuɗin binciken da ake biyansa da shi ya yanke, ƙa'idar da aka kafa a 2017 ta ba shi abin da bai wuce kwana 60 ba ya sami wani maigidan, ko ya sauya matsayinsa, ko ya bar ƙasar. Jama'a, kwana 60 fa, ga mutum mai mata da 'ya'ya a makaranta da hayar gida a kansa.

Na uku, wanda ya shiga ta ƙofar jami'a ba zai tsallaka kamfani kai tsaye ba, don kawai can sun fi biya. Sai kamfanin ya sa sunansa a ƙuri'a kamar kowa. Ku ga dalilin da ya sa yaro zai shekara biyar a kan albashin da shi kansa ya san bai taka kara ya karya ba, yana haƙuri.

Na huɗu, iyali. Matarsa za ta iya bin sa, amma bisa ƙa'ida ba ta da izinin aiki sai maganar girin-kad ɗin mijin ta yi nisa. 'Ya'yan da ya tafi da su daga nan kuwa, ranar da suka cika shekara 21 sun fita daga inuwar takardarsa, kowa sai ya nemi tasa.

Yanzu sai mu zo kan abin da ya sauya. Kakanninmu fatake ba su taɓa zuwa Gwanja a yini ɗaya ba, zango zango suke bi. Hanyar yaro zuwa kujerar malanta a Amurka ita ma zango huɗu ce. Zangon farko bizar ɗalibi. Na biyu izinin gwajin aiki bayan kammala karatu, wata 12, da ƙarin wata 24 ga masu fannin kimiyya da injiniya da lissafi. Na uku H-1B. Na huɗu girin-kad. A cikin 2025 da farkon 2026 an taɓa kusan kowane zango.

A watan Yuli na 2025 ofishin jakadancin Amurka ya sanar da cewa yawancin bizar da ba ta zama na dindindin ba da za a bai wa 'yan Nijeriya za ta zama ta shiga sau ɗaya ce, kuma wa'adinta wata 3. A nan akwai abin lura. Hatimin da ke cikin fasfo na shiga ne kawai. Wanda ke ciki yana zaune ne bisa wa'adin takardar aikinsa, ko da hatimin ya mutu. Amma ranar da ya fito, ba zai koma ba sai ya je Abuja ko Ikko an sake buga masa wani, kuma babu mai lamunce masa cewa za a buga.

A ranar 19 ga Satumba 2025 Shugaba Trump ya sa hannu a kan umarnin cewa duk maigidan da zai nemi sabuwar H-1B domin wanda ke wajen ƙasar sai ya biya dala 100,000. Ga 'yan canji nan a zaune, sun san lissafin: a canjin wancan lokaci kuɗin ya doshi Naira miliyan 150. Ba a tsame jami'o'i daga wannan biya ba. Daga baya, a watan Oktoba, hukumar shige da fice ta bayyana cewa kuɗin bai shafi wanda ke cikin ƙasar ya sauya daga ɗalibi zuwa ma'aikaci ba. An kafa umarnin na wata 12 ne da damar sabuntawa, kuma ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na jami'o'i da wasu jihohi sun kai ƙara kotu a kansa. Kowane ɗan kasuwa ya san ma'anar wannan. Sau da yawa wannan kuɗi ya fi albashin ƙaramin malami na shekara guda. Wace jami'a ce za ta biya kuɗin shiga da ya fi kuɗin kaya?

Su ma jihohi suka shigo. A watan Oktoba na 2025 gwamnan Fulorida ya umurci hukumar jami'o'in jiharsa da ta kawo ƙarshen ɗaukar ma'aikata da wannan takarda. A watan Janairu na 2026 gwamnan Tekzas ya dakatar da sababbin nema a jami'o'in gwamnati da ma'aikatun jiharsa har zuwa ƙarshen Mayu na 2027, sai wanda aka ba izini na musamman. Waɗannan kuwa suna cikin jihohin da suka fi yawan jama'a da manyan jami'o'i, kuma Tekzas na cikin wuraren da 'yan Nijeriya suka fi taruwa.

Na ƙarshe, wanda ya fi taɓa mu, a watan Disamba na 2025 aka sa Nijeriya cikin ƙasashen da aka taƙaita wa shiga, daga 1 ga Janairu 2026. Abin ya haɗa da sababbin bizar ziyara, da ta ɗalibai, da ta musayar malamai da masu bincike, da ta zama na dindindin. 'Yan'uwanmu masu fasfon Nijar kuwa an sa ƙasarsu cikin waɗanda aka rufe wa ƙofa gaba ɗaya, kamar yadda aka yi wa Cadi da Sudan tun watan Yuni na 2025. Wato zangon farko ma aka tare.

To, me ya sa suke haka? Ruwa ba ya tsami banza, kuma adalci ne mu faɗi hujjar kowane ɓangare. Masu ƙuntatawa suna cewa jami'ar gwamnati da harajin 'yan ƙasa ake riƙe ta, 'ya'yansu sun yi karatu, wasunsu na zaune ba aiki, don me za a tsallake su a ɗauko na waje? Suna kuma cewa baƙon da takardarsa ke hannun maigida ba ya iya ɗaga murya ya nemi ƙari, don haka yana karya farashin aiki. Su kuma jami'o'i suna cewa akwai fannonin da masu digirin digirgir ɗinsu yawanci baƙi ne tun asali, kamar injiniya da ilmin kwamfuta, kuma asibitocin koyarwa da na ƙauyuka sun dogara da likitoci baƙi. Idan an kore su, ɗakin bincike zai rufe, ba wani ɗan ƙasa ne zai hau kujerar gobe da safe ba.

Mu a namu gani, maganar karya farashi tana da ƙamshin gaskiya, domin duk wanda aka ɗaure da maigida ɗaya ciniki ba ya yi masa kyau. Amma maganin wannan shi ne a sassauta wa baƙo igiya yadda zai iya sauya wurin aiki. Ilmi kuwa ba a taɓa gina shi da 'yan gida kaɗai ba, kuma shaidar tana nan a ƙasarmu. Makarantar Shari'a ta Kano da aka buɗe a 1934, wadda ta zama Makarantar Nazarin Larabci, da shehunnai daga Sudan aka fara ta, kuma alƙalai da malaman Islamiyya da yawa ta hannunsu suka biyo. Jami'ar Ibadan da ke kusa da mu an buɗe ta a 1948 da malamai yawancinsu Turawa, sai a 1960 ɗan ƙasa, Kenneth Dike, ya shugabance ta. Jami'ar Ahmadu Bello ta fara a 1962 da shugaba baƙo, kafin Ishaya Audu ya karɓa a 1966. Abdullahi Smith, Bature ne ɗan Ingila, ya koyar a nan Ibadan, ya koma Zariya, ya kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970, ya horar da masana tarihinmu har ya rasu a 1984. Da an tare shi a bakin ƙofa, wa ya yi asara?

Kada kuma mu ɗauka Amurka ce kaɗai ke wannan hali. Dattawan da ke nan sun tuna 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta Gana ta bai wa baƙi marasa takarda mako biyu su fice, Hausawa da Yarabawa suka baro rumfuna da gidaje a Kumasi da Ankara. A Janairu 1983 mu ma muka rama, gwamnatin Shagari ta kori baƙi marasa takarda, 'yan Gana wajen miliyan ɗaya suka fita, makarantu da dama a wannan yanki suka wayi gari ba malamai. A 1988 gwamnatin soja ta ɗauke Patrick Wilmot, malami a Jami'ar Ahmadu Bello ɗan asalin Jamaika, ta fitar da shi daga ƙasar bayan shekaru yana koyarwa. Har yau kamfanin da zai ɗauki baƙo a Nijeriya sai ya nemi gurbi daga ma'aikatar harkokin cikin gida. A Fabrairu 2024 ma gwamnatinmu ta ƙaddamar da harajin dala 15,000 a kan kowane darakta baƙo da 10,000 a kan sauran ma'aikata baƙi, sai da 'yan kasuwa suka yi ca aka dakatar da shi a watan Maris.

Mu kuma mazauna Sabo ba sai an fassara mana kalmar baƙo ba. Unguwar nan tun 1916 take, amma yaron da aka haifi kakansa a cikinta idan ya je neman gurbin karatu ko aikin gwamnati sai a ce ya kawo takardar shaidar asalin ƙaramar hukumarsa, ya kama hanyar garin da bai taɓa kwana a ciki ba. Hausawa suka ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Wanda ya san wannan ɗaci a gida bai kamata a yaudare shi da zancen waje ba.

Saboda haka ga shawarwarin da kwamiti ke bayarwa.

Ɗaya, babu wani ejan a Ikko ko Abuja ko nan Ibadan da ke sayar da izinin aikin jami'a. Jami'ar ce ke nema da kanta. Duk wanda ya ce a ba shi miliyan kaza ya samo wa yaro wannan takarda, cinikin biri a sama yake so a yi da shi. Wanda ya shigar da takardar jabu kuwa ana iya haramta masa shiga ƙasar har abada.

Biyu, waɗannan dokoki suna sauyawa cikin 'yan watanni, kotu na iya tsayar da wata, shugaba na iya ƙara wata. Kafin a biya ko kwabo, yaron ya rubuta wa ofishin kula da baƙi na jami'ar da kansa, ya duba shafin ofishin jakadanci a intanet, a ga abin da ke aiki a ranar. A kawo amsar gaban kwamiti, akwai yaranmu masu karatun lauya da za su duba kyauta.

Uku, kada a sayar da gidan da iyali ke ciki, kada a karya jari gaba ɗaya. A fitar da abin da ko ya tafi kasuwa za ta ci gaba. Ko wanne ɗan kasuwa ya san ba a loda dukkan kaya a mota ɗaya.

Huɗu, wannan ga iyayenmu mata musamman. Idan yaro yana can ya ce ba zai sami zuwa bikin ƙanwarsa ba, ko gaisuwar rasuwa, kada a yi saurin cewa ya yar da gida, kada a yi masa baki. Mai yiwuwa ne idan ya fito ba zai koma ba, aikin da karatun shekara goma su bi ruwa. A tambaye shi halin takardarsa tukuna. Haka nan a rage masa yawan bani-bani a shekarun farko, domin wanda kwana 60 ke jiransa dole ya yi ajiya.

Biyar, kafin a ɗaura aure da wanda ke can, waliyyi ya tambaya a fili: wace takarda gare shi, saura shekara nawa, yarinya za ta iya bin sa, yaushe? Ba rashin kunya ba ne, hakkinta ne. Kada a bar 'yar mutane shekara uku a ɗakin uwar miji tana jiran biza.

Shida, ku matasa, kada ku kafa ido a kan ƙasa ɗaya. Ku nemi gurbi a wurare da dama, ku riƙe zumunci da malamanku na gida, ku ajiye takardunku na nan da rai. Kayan aro ba ya rufe katara. Jami'o'inmu da kwalejojinmu suna kukan rashin malamai, kuma wanda ya dawo da ilminsa bai faɗi ba. Mu ma iyaye sai mu daina kallon wanda ya dawo kamar wanda ya yi hasara, domin wannan kallon ne ke sa yaro ya gwammace ya ɓuya a can ba takarda, yana gudun 'yan sanda.

Bakwai, baƙin da ke cikinmu, 'yan Nijar da 'yan Cadi da 'yan Gana da ke koyarwa a makarantun Islamiyyarmu ko suke aiki a rumfunanmu, mu biya su hakkinsu cikakke, mu taimaka musu su daidaita takardunsu. Abin da muke roƙo a yi wa namu a waje, mu fara yin sa a Sabo.

Kwamiti zai buɗe rajista a ofishin ƙungiya domin iyayen da ke da yara a waje ko masu shirin tafiya, don mu san yawansu, mu kuma haɗa na can da na nan su riƙa ba juna labari na gaskiya. Muna roƙon kowa ya zo ya rubuta nasa, ba a biyan komai.

 Allah Ya yi wa 'ya'yanmu albarka, Ya tsare na nesa, Ya buɗa wa na kusa, Ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu, Ya sa albarka a kasuwa. Allah Ya mai da kowa gidansa lafiya.